Saifa da Maɗiga: Zawon Yara Tsakanin Ƙasar Sin da Harobanda

Sunan Harobanda Zabarmanci ne, ma'anarsa bayan ruwa, wato ƙetaren kogi. Mutanen gaɓar hagu ne suka raɗa shi, su da ke zaune kusa da fadar gwamnati da babbar kasuwa da babban asibitin Yamai, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Abin da ake nema yana can, mu muna nan, kogin Isa a tsakani. Kafin a buɗe gadar Kennedy a ƙarshen 1970, mutumin Lamorde ko Kirkisoye ko Sagiya in ɗansa ya kwana yana zawo, ba shi da hanyar ganin likita sai ta kwalekwale ko jirgin fito. Ciwon kuwa ba ya jiran fito. Jaririn da aka gani yana rarrafe da hantsi, in cikinsa ya tsinke da la'asar, kafin asuba sai a ga ido ya zurma, baki ya bushe, kuka ya koma nishi.

Don haka tsofaffin unguwa, Fulanin Lamorde da Zabarmawa da Hausawan da fatauci ya kawo, su ne asibitin farko. Tsohuwa ba ta da halin tambayar inda ke ciwo, tunda mai ciwon bai iya magana ba. Sai ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta taɓa maɗiga, ta ja fatar ido, ta sa a kawo mata tsumman da aka share masa ta duba launi, ta sansana. Daga nan take yanke hukunci: wannan haƙori ne, wannan zafi ne, wancan sanyi ya shige shi, wancan kuwa nonon uwar ne ya ɓaci saboda kwanika. Kowanne da abin da ake dafa masa, ko ganyen sabara, ko ƴaƴan bagaruwa, ko ɓawon kalgo, ko nonon kurciya, ko farin garin ƴaƴan kuka a dama da ruwa. Akwai kuma ɗauri, wanda Zabarmawa ke kira jitti, da ake ɗura wa jariri tun yana ɗanye don cikinsa ya yi ƙwari. Idon waɗannan mata ya ga gaskiya, domin maɗiga lalle tana faɗawa. Inda aka kuskure shi ne an ɗauki faɗawar a matsayin ciwon kansa, aka riƙa shafa mata haɗi don ta taso, alhali ita shaida ce cewa ruwan jikin yaro ya tsiyaye.

A shekarar da aka buɗe gadar ne kwalara ta shigo Afirka ta Yamma, ta biyo hanyoyin ruwa da na fatake, ta iso Nijar tsakanin 1970 da 1971. Fari da yunwa suka biyo baya. A watan Afrilun 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya karɓi mulki, kuma ranar 20 ga Yulin wannan shekara Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Jamhuriyar Jama'ar Sin. Tun 1963 Sin ke aika likitoci Afirka, ta fara da Aljeriya, bisa tsarin da ya haɗa kowace ƙasa da lardi guda. Nijar ta faɗo wa Guangxi, yanki mai zafi da ruwa da shinkafa a kudancin ƙasar, kan iyaka da Biyetnam. Ayarin farko ya sauka a 1976. Cikin shekarun da suka biyo baya likitocin Guangxi sun yi aiki a asibitocin gwamnati na Yamai da Maraɗi da Damagaram, wannan ayari ya cika wa'adinsa ya koma, wani ya zo.

Akasarinsu likitocin zamani ne, masu fiɗa da masu duba mata da makamantansu. Amma abin da ya fi zama a bakin jama'a shi ne siraran alluran nan da babu ruwan magani a cikinsu, waɗanda ake tsittsirawa a baya ko gwiwa ko wuya a bar su su ɗan jima. Masu ciwon baya, da masu sanyin ƙashi, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, su suka fi zuwa. Mutanen da suka tashi suka ga wanzami yana kafa ƙaho ba su ɗauki abin baƙo ba, balle da suka ga Sinawan ma suna yin ƙahon, nasu da ɗan kofin gilashi. Ta nan mutumin Yamai ya san akwai wani abu wai shi maganin gargajiyar Sin. Sai dai allura reshe ɗaya ce a wata babbar itaciya, kuma reshen da ya fi kusa da damuwar uwayenmu, wato na ciwon cikin yara, bai taɓa ƙetarowa sosai ba. Ya cancanci a ba da labarinsa, domin duk wanda ya san yadda kakanninmu ke duba jariri zai ji kamar ya shiga gidan da ya taɓa kwana.

A fahimtar likitocin Sin na dauri, narkar da abinci aikin abokai biyu ne, ciki da saifa. Ciki ya karɓa, saifa ta tace, ta hau da mai kyau zuwa gaɓoɓi, tsaki ya gangara ƙasa. Abin da suke kira saifa ya zarce tsokar nan da mahauci ke cirowa, suna ne na aikin narkewa gaba ɗaya. Saifa kuwa, a cewarsu, ba ta son damshi. In damshi ya fi ƙarfinta sai ta kasa rarrabewa, ruwa da abinci su gangara tare, shi ne zawo. Daga nan suka kasa ciwon gida-gida. Mai ruwa-ruwa da kumfa wanda ba ya wari sosai, na sanyi ne. Rawaya mai wari, da zazzaɓi da ƙishirwa, duburar yaro ta yi ja, na zafi ne haɗe da damshi. Mai tsami, ciki ya kumbura, yaro ya yi ta kuka sai ya zubar sannan ya lafa, wannan abinci ne ya yi masa yawa. Mai daɗewa kuma, wanda da an ci sai ya fita, yaro ya rame ya yi fari, sun ce saifa ce ta gaji. Kowane gida da maganinsa, kuma babban laifi a wurinsu shi ne a ba mai sanyi maganin mai zafi. Kaka ta Lamorde da za a karanta mata wannan rabe-rabe, kai kawai za ta gyaɗa.

Rubutun ya daɗe. A wajen shekara ta 200, Zhang Zhongjing ya bar haɗin saiwa huɗu na zawo mai zafi, wanda har yau ake dafawa ana kuma sayar da shi a ƙwaya. A wajen 652, Sun Simiao ya tsara babban littafinsa ya sa ciwon mata da na yara a gaba da na kowa, bisa hujjar cewa daga nan rai ke farawa. Amma wanda Sinawa ke ɗauka uban likitancin yara shi ne Qian Yi, na zamanin daular Song.

An haife shi a wajen 1032 a yankin da yau ke cikin lardin Shandong. Yana ɗan shekara uku mahaifinsa ya bar gida ya nufi teku bai komo ba, uwarsa ta rasu, mijin goggonsa wanda likita ne ya rene shi ya koya masa sana'a. Da ya girma sai da ya yi ta tafiye-tafiye har ya gano uban ya dawo da shi gida. Maraya ne ya tashi ya ba da rayuwarsa ga yara, a lokacin da likitoci ke gudun wannan fanni suna kiransa fannin bebaye, don mai ciwon ba ya iya faɗin komai, bugun jijiyarsa kuma ƙarami ne mai wuyar karantawa. Qian Yi ya dogara ga ido: launin fuska, hasken ido, leɓe, harshe, da abin da ke fita. Ya koyar cewa kayan cikin yaro ba su gama nuna ba, saboda haka nan da nan yake zafi nan da nan yake sanyi, nan da nan ya cika nan da nan ya zube, kuma maganin da zai yi wa babba daidai yana iya kayar da shi. Sunansa ya kai fada a zamanin sarki Shenzong bayan ya warkar da ƴaƴan gidan sarauta. Ya rasu a 1113. Shekara shida bayan haka, a 1119, Yan Xiaozhong, wanda shi kansa Qian Yi ya taɓa ceto daga ciwo yana ƙarami, ya tattara koyarwarsa da labaran marasa lafiyar da ya duba ya mai da su littafi.

A cikin wannan littafi akwai haɗin da ya fi ɗaukar hankalina, na yaron da amai da zawo suka daɗe a jikinsa har ƙishirwa ta kama shi. Abu bakwai ne, babbansu saiwar da suke kira baizhu, akwai ginsen, akwai gegen, wata saiwa mai gari kamar rogo. Yadda ake shan sa ya fi kayan haɗin muhimmanci. An ba da labarin ɗan wani ma'aikacin hukuma, ɗan shekara biyar, da zazzaɓin dare ya addaba. Likitoci suka yi ta ba shi magungunan sanyaya jiki har ya galabaita, ba ya son komai sai ruwa. Qian Yi ya sa a dafa haɗin nan da yawa a bar yaro ya wuni yana sha. Uban ya tsorata, yana ganin ruwa mai yawa haka zai sake masa ciki. Likitan ya kwantar masa da hankali, da yamma ya dawo ya duba, ya ce a sake dafa wani kamar na farko. Yaron ya tashi. A 1750 wani likitan yara, Chen Fuzheng, ya ƙara jaddada cewa a riƙa ba yaro wannan haɗi a madadin shayi, duk sa'ad da ya nema.

A ganina nan ne tsohon likitan ya taɓo jijiyar lamarin. Dafaffen ruwa ne, saboda haka mai tsabta, ga ɗan zaƙi ga ɗan gari, ana ba yaro ba ƙaƙƙautawa, a zamanin da tunanin mutane a ko'ina, har da gidajenmu na jiya-jiya, shi ne a rage wa mai zawo ruwa don cikin ya tsaya. Shekara ɗari tara da suka wuce ya gane cewa ƙafewa ce abin tsoro. Abin da bai kai gare shi ba shi ne gishiri a bisa ma'auni. A gidajen talakawan Sin kuwa, kunun shinkafa mai ruwa-ruwa da ɗan gishiri shi ne abincin mai ɓacin ciki tun kaka da kakanni.

Hanya ta biyu, bayan ta saiwoyi, ita ce tausa, kuma ta taso ne daga matsalar da kowace uwa ta sani, wato yaro ba ya shan ɗaci kuma ba ya tsayawa a soka masa allura. A zamanin daular Ming tausar yara ta zama fanni mai zaman kansa, har babban littafin allura na Yang Jizhou na 1601 ya keɓe mata babi. Mai tausa zai riƙe hannun yaro ya riƙa shafa gefen babban yatsa da nasa yatsan sau ɗari ko fiye, wai yana ƙarfafa saifa, ya koma gefen manuniya saboda hanji. Sai ya ɗora tafin hannu mai ɗumi a ciki yana kewayawa a hankali, ya murza cibiya, ya kifa yaro ya shafa ƙashin baya daga ƙugu zuwa sama. A ƙarshe ya kama fatar gadon baya da yatsu yana mintsinawa yana hawa, daga gindi har wuya, dabarar da wani tsohon likita, Ge Hong, ya ambata tun ƙarni na huɗu. Cibiya tana da daraja ta musamman a wurinsu. Da can sukan cika ta da gishiri su ɗora dunƙulen busasshen ganye su kunna don ɗumi ya ratsa, yau kuma ana sayar da ɗan manne mai garin kanumfari da kirfa a liƙa a kai. Mu da muka san gashin cibiya da tsingaro ba za mu yi mamaki ba.

Wannan ilimi ya sha gwagwarmaya a gidansa. A 1929 an nemi a soke shi da doka, masu shi suka tashi tsaye aka fasa. Bayan juyin juya halin 1949 gwamnati ta rungume shi, a 1956 ta buɗe masa manyan makarantu huɗu a Beijin da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, ta ce a haɗa shi da na zamani. A ƙarshen shekarun 1960 aka baza ma'aikatan lafiyar ƙauye da ake wa laƙabi da likitoci marasa takalmi, manoma ne da aka ba horo na ƴan watanni, jakarsu ɗauke da allura da saiwa da ƙwayoyin zamani. Mu ma a jihar Maraɗi an fara horar da masu agajin ƙauye da ungozomomi tun shekarun 1960, kuma irin wannan tunani ne taron Alma-Ata na 1978 ya ɗauka ya yi wa duniya shela. An yi gwaje-gwaje masu yawa a Sin kan tausa da saiwoyin zawo, da dama sun nuna ciwon yana gajarta, amma masu bin diddigi sun sha nuna cewa tsarin yawancin gwaje-gwajen yana da rauni. Abu guda babu jayayya a kansa: a asibitin Sin na yau, yaron da ruwan jikinsa ya ƙafe ruwa ake fara mayar masa, ta baki ko ta jijiya, tausa da saiwa su biyo baya. Kuma cikin abubuwan da suka rage mutuwar yaransu akwai gangamin tsabta da aka fara a 1952, da gyaran masai da rijiya, da al'adar nan tasu ta ƙin shan ruwan da ba a tafasa ba.

Gishirin da Qian Yi bai auna ba, a Bangal aka auna shi. A wajen 1960 masana suka gano cewa sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin, ko da hanjin na zuba. A 1968 aka gwada haɗin ga masu kwalara a Dhaka. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya tsinci kansa a sansanin ƴan gudun hijira na Bangaon, kwalara na kisa, ruwan ƙari ya ƙare. Ya sa aka dama gishiri da sukari a manyan durom, ƴan uwan marasa lafiya suka riƙa ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Daga 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan haɗi ta yaɗa shi, kuma shi ne ya iso ɗakunan shan maganinmu da sunan SRO, ƙunshi guda a lita guda ta ruwa mai tsabta. A wajen 1980 zawo na kashe yara fiye da miliyan huɗu da rabi a duniya kowace shekara, yau bai kai rabin miliyan ba. Daga baya a Dhakar dai aka gwada sa garin shinkafa a madadin sukari aka ga yana aiki, wato kunun tsofaffin Sin ya sami shaidar ɗakin bincike. Nakan tuna haka in na bi ta fadamun shinkafar Kirkisoye.

A nan gida siyasa ta katse zaren na ɗan lokaci. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya ta amince da Taiwan, Beijin ta janye, likitocin Guangxi suka tattara suka koma. Sai a watan Agustan 1996, zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara, aka mai da hulɗa, su ma suka dawo. A tsakanin nan, da kuma bayansa, wata hanyar ta buɗe wadda ba ta bi ta ofishin jakada ba, ita ce kasuwa. Ɗan jan gwangwanin man zafi ya shiga kowane gida, kamar yadda ɗanyen shayin Sin ya riga ya zauna a butar kowace fada. Ƙwayoyi daga Sin da Indiya da Nijeriya suka hau tire bisa kan ƴan talla, daga bakin gada har unguwannin Karaje da Bangabana. A nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya zo ta kasuwa kwali ne ba tare da ilimin da ke bayansa ba. Likitan Song ba ya ba da magani sai ya duba harshe ya rarrabe zafi da sanyi, mai tire kuwa kuɗi kawai yake dubawa. Uwa za ta sayi kafso biyu ta fasa a koko, alhali yawancin zawon jarirai ƙwayar birus ce ke kawo shi, wadda kafson ba ya taɓawa.

Ko sahihin maganin Sin ɗin ma yana da inda ake taka masa burki. Saiwar huanglian, ɗaya daga cikin huɗun Zhang Zhongjing, mai ɗaci kamar maɗaci, daga irin sinadarinta ake yin ƙwayar berberin da Sinawa ke sha in ciki ya ɓaci. A 1978 Singafo ta hana sayar da ita saboda tsoron tana tsananta shawara ga jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma sai bayan fiye da shekara talatin aka sassauta hanin. Wannan ƙarancin ya yawaita a Afirka ta Yamma. Abin da ya yi wa ɗan Guangxi mai shekara biyar daidai, ba lalle ya yi wa jinjirin unguwar Nogare ba, kuma Qian Yi da kansa ne zai fara faɗin haka.

Shekarun da suka fi canza lissafi a Nijar su ne na 2000. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara ƙwayar zink a kan ruwan gishiri da sukari, a sha kwana 10 zuwa 14. Gwamnatin Tanja Mamadu ta gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen dubu biyu a karkara, a 2006 kuma ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Tsarin ya sha fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, wannan kowa ya sani, amma ya cire wa uwa tsayawar nan ta bakin ƙofa tana lissafin abin da ke bakin zane. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da biyar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. A 2014 aka shigar da ɗigon riga-kafin rota, birus mai kawo zawo, cikin jadawalin jarirai. A shekarar ce kuma aka fara gwajin wani sabon ɗigon na Indiya, mai jure zafi, ga jarirai wajen 3,500 a Madarumfa ta jihar Maraɗi, ƙarƙashin ƙungiyar likitocin MSF da hukumomin lafiyar Nijar. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana kare kashi biyu cikin uku na zawon rota mai tsanani. Uwayen ƙauyukan Hausa ne suka miƙa ƴaƴansu aka samo wa duniya wannan amsa.

Ita kuwa Sin, a waɗannan shekaru da siminti ta fi zuwa. Gada ta biyu, ta zumuncin Sin da Nijar, ta buɗe a 2011. Babban asibitin nan mai gado 500 da ta gina a gaɓar hagu aka ƙaddamar a 2016, can ne likitocin Guangxi suka fi zama yanzu. Gada ta uku, mai sunan Seyni Kunce, ta zo a 2021. Harobanda da ba ta da gada ko ɗaya yanzu tana da uku, ga asibitin koyarwa na Lamorde da ke ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diallo, ga na Gaweye, ga makarantar likitoci ta jami'ar Abdu Mumuni a cikin unguwa.

Zaman jami'ar a nan yakan sa ni tunanin wata mata, Tu Youyou. An sa ta cikin aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro da Sin ta fara a 1967. Ta bi tsofaffin littattafai da haɗe-haɗe dubbai, har ta tsaya kan wani ganye dangin tazargade. Gwaji ya yi ta ƙin ba da sakamako mai ɗorewa, sai ta koma ga Ge Hong, mai mintsinar bayan nan, ta ga shi jiƙa ganyen yake a matse, ba ya tafasawa. Ta gane zafi ne ke kashe ƙarfinsa, ta sauya dabara, a 1972 aka ware sinadarin da yau daga gare shi ake yin maganin zazzaɓin da ake ba ƴaƴanmu. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Cikin haɗe-haɗe dubbai ɗaya ne ya tsallake siraɗi, kuma ba ta ji kunyar ajiye sauran ba. Mu ma an rubuta namu. A 1980 ayarin masana ƙarƙashin Edouard Adjanohoun ya fitar da littafi kan itatuwan maganin Nijar, da sunayensu da abin da masu magani ke yi da su, kuma malaman jami'ar nan sun ci gaba da bincike a ɗakunansu. Abin da nake jira in gani shi ne ranar da za a kai sabara da bagaruwa har gadon asibiti a gwada su da tsanani irin na Madarumfa, a ce mana wannan yana taimako a wannan ma'auni, wancan a bar shi.

Kogin da ya raba mu da asibiti a da, yanzu ta wata fuska yake zuwa. A watan Agustan 2012 ya cika ya shiga gidajen gaɓar dama. A farkon Satumban 2020 ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba, madatsar Lamorde ta ɓalle, gidajen laka suka narke, masai da rijiya suka zama ruwa ɗaya. Aka kwashe mutane zuwa makarantu. Na je duba ƴan uwa a ɗaya daga cikinsu, aji guda iyali uku, an jingine tebura an shimfiɗa tabarmi. A kusurwa wata tsohuwa na riƙe da jikanta ɗan wata tara, wanda ya wuni cikinsa na zuba. Ta taɓa maɗiga kamar yadda uwarta ta koya mata, ta mintsini fatar cikinsa ta ga ta jima ba ta koma ba.

"Inna, ko in dakata da ba shi nono har cikin ya tsaya?" in ji surukar.

"A'a, ƴar nan, ba shi. Ruwa ne ya ƙare masa. Ina takardar nan da malamar asibiti ta ba ki?"

Aka tafasa ruwa a butar shayi bisa ɗan murhun gawayi, aka bar shi ya huce, aka auna lita da gorar roba, ta yage ƙunshin da haƙori ta zuba. Ta ce in gari ya waye bai yi fitsari ba, ko ya ƙi karɓa, asibiti za a nufa ko da a ƙafa ne. Sannan ta lakato man kaɗanya ta murza a tafinta har ya yi ɗumi, ta ɗora a cikin yaron tana kewaya cibiya a hankali, uwar kuma na durƙushe a gefe da ƙaramin cokali, tana jira ya haɗiye na farko ta ɗebo na biyu.